Gaɓa, Rauji da Rabon Harsuna a Wasan Kwaikwayon Makaranta a Gaya

A yawancin makarantun Nijar, wasan ƙarshen shekara ba ya cika sai da waƙa. Ƴan wasa suna cikin magana sai ɗaya ya ɗauki rerawa, ƴan amshi su karɓa, ganga ko kalangu ya shigo, a taka rawa kaɗan, sannan a koma ga zance. Masu nazarin adabi sun daɗe suna duban jigogin irin wannan wasa, kamar auren dole da cin hanci da karatun ƴaƴa mata. Mu masu nazarin harshe ba mu cika leƙa shi ba, alhali kuwa a cikinsa akwai tambayoyi biyu da suka shafe mu kai tsaye. Me yake samun kalmar Hausa idan aka ɗora ta a kan waƙa? Sa'annan, a garin da ake magana da harsuna da yawa, wa ake ba wane harshe a kan dandamali? Zan gwada amsa su da abin da na gani a ƙungiyar wasa ta kwalejinmu a Gaya, da kuma wata ƙungiyar samari ta unguwa da muka riƙa yi wa wasa lokacin hutu.

Garin da kunne ba ya hutawa

Gaya tana jihar Doso, kimanin kilomita 300 kudu maso gabas da Yamai, kusa da gaɓar kogin Isa, wanda ƴan Nijeriya ke kira Kwara. A ƙetaren kogin akwai Malanbil ta ƙasar Benin da babbar kasuwarta, ta gabas kuma ga Kamba, hedikwatar ƙaramar hukumar Dandi a jihar Kabi. Yaron da ya tashi a nan yakan ji Dendanci da Zabarmanci, waɗanda ƴan gida ɗaya ne a dangin harsunan Sanwai. Yakan ji Fulatanci, ya ji Yarabanci a bakin fatake, ya ji Faransanci a aji. Hausar da yake ji kuwa ta yamma ce, mai kama da ta Kabi da ta Arewa, inda ake cewa munka tahi, yaz zaka, mi kaka so, shi na, ita ta. Akwai kuma Kyangawa, waɗanda ake lissafawa cikin mazauna yankin na farko. Harshensu na dangin Mande ne, kuma mafi yawansu sun riga sun koma Hausa ko Dendanci.

Tun 1968 Nicole Tersis ta fitar da nazari a kan tsarin sautin Dendancin Nijar da kalmomin da ya aro daga Larabci da Hausa da harsunan Turai. Petr Zima kuma ya wallafa ƙamus na Dendancin Jugu a 1994. Aikinsu a kan harshen ne shi kaɗai. Dandamalin makaranta kuwa yana nuna harsunan a cakuɗe, a bakin yara, a gaban iyayensu.

Inda wasan ya fito

Tushe biyu ne suka haɗu. Na farko na gida ne. Tatsuniya tun asali tana ɗauke da waƙa a tsakiyarta, inda yarinyar da dodo ya kama takan rera kukanta. Gaɗar ƴanmata tana da mai bayarwa da masu amshi. Tashe kuwa, wanda yara ke farawa bayan azumi ya kwana goma, wasan kwaikwayo ne mai waƙa cikakke, da shiga da rawa da ƴan kallo masu ba da sadaka. A lura cewa cikin wasannin tashe akwai Macukule, wanda ake kwaikwayon Bagwari a cikinsa. Ashe kwaikwayon bakin wani a gaban jama'a ba makaranta ce ta kawo shi ba.

Tushe na biyu na lakwal ne. A shekarun 1930 makarantar William Ponty ta Senegal, wadda ta horar da malamai da ma'aikata na ƙasashen da Faransa ta mallaka, ta sa ɗalibanta su riƙa tsara wasanni daga al'adun garuruwansu. Zance da Faransanci ake yin sa, waƙoƙi da raye-raye kuwa akan bar su cikin harsunan gida. A 1937 har Paris aka kai su suka yi wasa. Bubu Hama da Jori Hamani duk sun yi karatu a can, kuma malaman da makarantar ta yaye su ne suka dasa al'adar wasan ƙarshen shekara a ƙasarmu. A riƙe wannan rabo na Faransanci ga zance, harshen gida ga waƙa, domin za mu sake gamuwa da shi.

Zamanin Seyni Kunce, daga 1974 zuwa 1987, shi ne ya fitar da wasan daga harabar makaranta. Aka farfaɗo da samariya a unguwanni da ƙauyuka, aka kafa bikin matasa na ƙasa da ake zagayawa da shi manyan garuruwan jihohi, ana gasar teyatur da waƙa da bale, wato labarin da ake bayarwa da rawa da kiɗa. Ƙungiyar gidan rediyon Damagaram, wadda Yazi Dogo ya yi suna a cikinta, ta shiga kowane gida ta rediyo da talabijin. Janet Beik, a littafinta na 1987 a kan wasan kwaikwayon Hausa a Nijar, ta nuna cewa waɗannan ƙungiyoyi ba sa aiki da rubutaccen wasa. Akan yarda da zaren labari, kowa ya san matsayinsa, kalmomin kuma su fito a wurin gwaji. Wannan ya bambanta da hanyar da aka bi a Nijeriya, inda littattafai kamar Wasan Marafa na Abubakar Tunau da Uwar Gulma na Mohammed Sada suka shiga aji. Mu a Gaya hanyar samariya muka gada. Abin da malaminmu ya rubuta bai wuce shafi biyu ba, da Faransanci, jerin fitowa ne kawai. Waƙoƙin kaɗai muke haddacewa kalma da kalma, saboda ƴan amshi goma sha biyu ba za su iya ƙirƙira a lokaci ɗaya ba.

Gaɓa ba ta yafiya

Kalmar kari tana ɗauke da kaya da yawa a fagenmu: karin sauti, karin waƙa, karin harshe, karin magana. Don gudun ruɗani, zan kira hawa da saukar muryar mai rerawa rauji, kamar yadda masu nazarin waƙar baka suke yi. A misalai zan ninka wasali idan dogo ne, in sa alamar karin ƙasa a kan wanda ya sauka, in bar karin sama ba alama.

Gaɓar Hausa iri uku ce: BW, BWW da BWB. Ta farko sassauƙa ce, sauran biyun masu nauyi. A kan wannan bambanci aka gina karin waƙar Hausa, rubutacciya da ta baka, kuma shi ya sa ma'aunan aruli na Larabci suka zauna mata daram. Binciken Bruce Hayes da Russell Schuh na 2019 a kan rajaz ya bi diddigin yadda mawaƙa ke raba lokaci tsakanin gaɓoɓi idan suna rerawa, kuma nauyin gaɓa ne ginshiƙin rabon. Faransanci ba shi da wannan tsari. Tsawon wasali ba ya bambanta ma'ana a cikinsa yadda yake yi a Hausa, saboda haka raujin waƙar lakwal ta Faransanci yana iya ja ko gajarta kusan kowace gaɓa ba tare da ɓarna ba. Matsala takan taso ne ranar da aka ɗauko irin wannan rauji, wanda yara suka riga suka iya, aka ce a zuba masa kalmomin Hausa don a rage wahalar koyo.

Wasanmu na wata shekara labarin yarinya ne da aka cire daga makaranta za a aurar da ita ga wani ɗan kasuwa a ƙetaren kogi. A fitowar rabuwa, uwar tana rera mata addu'a, ɗangon farko shi ne: Allah ya kai ki lafiya. Ga yadda gaɓoɓinsa suke: Al-làh-yà-kai-kì-laa-fi-yàa. Mai nauyi, mai nauyi, sassauƙa, mai nauyi, sassauƙa, mai nauyi, sassauƙa, mai nauyi. Wanda ya yi darasin aruli zai gane mustaf'ilun mafaa'ilun, wato rajaz ne ya faɗo cikin maganar yau da kullum ba wanda ya neme shi. Raujin aro da aka fara gwadawa kuwa yana da dogon sauti mai tashi a daidai gaɓa ta uku. Da yarinyar da ke fitowa a uwa ta rera, sai yà ya zama yaa. A rubutun boko babu abin da ya sauya. A kunne kuwa an bar sigar fata an koma shuɗaɗɗen lokaci. Allàh yà kai kì laafiyàa roƙo ne, Allàh yaa kai kì laafiyàa labari ne, ana cewa an riga an isa. Uwa tana tsaye tana kuka, ɗiyarta ba ta ko shiga jirgi ba, ga ta tana ba da labarin saukarta.

Makaɗin da ke taimaka mana, dattijo ne da bai yi lakwal ba, shi ya fara ajiye gangarsa ya ce maganar tana ɗingishi. Bai san sunan abin ba, amma ya nuna gaɓar da yatsa. Gyaran ya zo ta hanyar da ta dace a ce ɗalibin karin harshe ya yi tunaninta. Wata ƴar amshi ta ce: "Mushe, ai mu ba haka muka cewa ba. Allah shi kai ki lahiya muka cewa." A Hausar yamma wakilin suna na namiji a sigar fata shì ne, na shuɗaɗɗen lokaci kuma yaa. Bambancinsu yana kan baƙi da wasali, bai dogara ga tsawo da karin sauti kaɗai ba. Ko mai rerawa ya ja shi har numfashinsa ya ƙare, ba zai zama yaa ba. Daidaitacciyar Hausa ta ɗora nauyin ma'anar nan a kan abubuwa biyu da waƙa ke iya murɗewa, karin yamma kuwa ya ɗora shi a inda waƙa ba ta kai hannu. Aka bar raujin yadda yake, aka sauya kalma ɗaya.

Abin da ke ɓata ma'ana yana iya zama kayan aiki idan an san shi. A fitowar kasuwa mun yi amfani da gàrii da gàarii, kalmomi biyu masu karin sauti ɗaya, jinsi ɗaya, waɗanda tsawon wasalin farko kaɗai ya raba. Mai bayarwa takan rera Gàrii yaa yi tsàadaa, wanda ya hau fa'uulun fa'uulun ba gyara. Matan kasuwa su amsa Gàarii yaa yi tsàadaa, suna shigowa kafin bugun ganga don gaɓar farko ta sami wurin miƙewa. A garin da garin rogo ke ƙetarowa daga Benin buhu-buhu, ba a bukaci bayani ba. Mata suka yi ta guɗa. A takarda ɗangon biyu ɗaya ne, wanda ya karanta zai ɗauka maimaici ne.

A ƙarshen ɗango ne kawai gaɓa takan yi sassauci, domin mai rerawa yakan ja ta ko da gajera ce. Nan ma akwai asara ƴar kaɗan. Sunayen mutane irin su Saabo da Bàaƙo da Doogo gajeren wasalin ƙarshe ne ya raba su da saaboo da bàaƙoo da doogoo. Idan sunan ya faɗo a ƙarshen ɗango, bambancin ya tafi, sai dai ma'anar zance ta cece shi.

Karin sauti ya fi haƙuri

Da karin sauti lamarin ya sha bamban, kuma a nan ne na fi samun abin mamaki. Hausa tana da karin sama da karin ƙasa da faɗau, kuma suna bambanta kalmomi: wuyàa na jiki da wùyaa ta wahala, kuukaa na hawaye da kuukàa ta miya. Hankali zai ba mutum cewa tilas rauji ya hau inda kari ya hau, ya sauka inda ya sauka, in ba haka ba ma'ana ta rushe. Paul Richards ya ƙirga wannan a cikin wata waƙar Hausa a 1972, William Leben ya sake duban batun bayansa. Abin da ake iya ɗauka daga aikinsu shi ne akwai jituwa tsakanin karin sauti da rauji fiye da abin da dace kawai zai haifar, sai dai jituwar ba doka ce da ba a karyawa ba. Haka kuma gangarowar murya da aka sani a jimlar Hausa, inda kowane karin sama da ya biyo bayan karin ƙasa yakan kasa kai na gabansa tsawo, tana da ƴar'uwa a waƙa: ɗango yakan fara sama ya gangaro.

A wurin gwaji mun sha rera karin ƙasa a kan sauti mai tsawo, ba wanda ya ɗaga kai, har makaɗin nan da bai yafe wa gaɓa ba. A ganina dalilin yana cikin nahawu. Yawancin tagwayen kalmomin da karin sauti ya raba, akwai wani abu na biyu da ya raba su. Wuyan jiki namiji ne, wuyar wahala mace ce. Kuka ya yi yawa a gidan makoki ne, kuka ta yi yawa a tukunya ce. Ko Bàaba da Baabà, uba da uwa a Daidaitacciyar Hausa, da zarar an ce ka ji ko ki ji an san da wa ake. Jinsi yana tsare abin da rauji ya share. Tsakanin yà da yaa kuwa, ko tsakanin gàrii da gàarii, babu mai tsaron baya. Saboda haka ban yarda a ce kunnen Bahaushe ya fi damuwa da tsawo bisa ga kari haka kawai ba. Ya fi damuwa ne da inda ba shi da madogara ta biyu.

Wannan bayani yana da wurin gwada shi, kuma Gaya ce wurin. Zabarmanci da Dendanci ba su da jinsin nahawu. A Zabarmanci wakilin suna a shi ne na namiji, shi ne na mace. Mai koyon Hausa daga wannan ɓangare yakan sa ya a inda ake bukatar ta. Idan irin wannan baki ya rera kuka ya yi yawa a kan raujin da bai bi kari ba, madogara biyun sun faɗi tare, mai sauraro ba shi da hanyar sanin miya ake nufi ko makoki. Mun yi wasa da wannan a fitowar amarya da uwar miji, inda aka yi ta ba amarya haƙuri alhali miyarta ake kushewa.

Wa aka ba wane harshe

Ba wanda ya zauna ya raba harsuna a wasanninmu. Rabon yakan zo da kansa, kuma kusan kullum iri ɗaya ne. Ma'aikacin duwan da likita da darektan makaranta Faransanci suke yi. Alhaji ɗan kasuwa Hausa. Uwa da kaka da mai kwale-kwale Dendanci ko Zabarmanci. Yarinyar da labarin ke kanta ita kaɗai ke yawo cikin ukun, tana ce wa uwarta Inna da harshen gida, tana ce wa malaminta Mushe da Faransanci. Abin da na lura da shi daga baya, bayan na shiga darasin walwalar harshe, shi ne ban taɓa jin ma'aikacin duwan ya yi waƙa ba. A duk wasannin da na shiga, Faransanci bai hau rauji ko sau ɗaya ba. Da shi ake ba da umurni, da shi ake neman takardu, amma kuka da addu'a da habaici da Hausa ko Dendanci ake rera su. Rabon William Ponty ke nan, bayan shekara kusan tamanin, sai dai zancen ma yanzu harsunan gida sun ƙwace mafi yawansa.

John Gumperz ya yi maganar harshenmu da harshensu a cikin al'ummar da ke sirka harsuna, Carol Myers-Scotton kuma ta nuna cewa zaɓen harshen da ba a zata ba saƙo ne a kan kansa. Yaran kwaleji sun san wannan ba tare da sun karanta ba. Dariya mafi ƙarfi a wasan takan zo ne lokacin da ma'aikacin duwan, bayan ya gama zazzaga Faransanci, ya ga surukarsa ce a cikin waɗanda ya tsare. Nan take sai ya cire hula ya durƙusa ya ce: "Inna, ina wuni? Ban gane ki ba." Sauya harshen shi ne faɗuwarsa. Kuma a tuna cewa wannan dandamali yana cikin harabar da a da ake rataya wa yaro sambol a wuya idan an kama shi yana harshen uwarsa. Rana ɗaya a shekara, abin da aji ya hana shi ake yi wa tafi.

Wasu barkwancin kuwa ba su da rai sai a gaban masu harshe biyu. Ni a Hausa mai magana ne, ni a Zabarmanci wanda ake yi wa magana ne. Alhaji da wani Bazabarme suna cikin kwale-kwale, mai jirgi yana jiran kuɗinsa.

Alhaji: To, malam, wa za shi biya?
Bazabarme: Ni.
Alhaji: Madalla, Allah shi saka da alheri.

Kowa ya gyara zama, kowa ya tabbata ɗan'uwansa ya ɗauki nauyi. A Gaya ba a bari Alhaji ya rufe baki ake fashewa da dariya. Da muka kai wasan wani ƙauye ta arewa inda Hausa ce kusan kaɗai, wurin ya yi tsit, sai da mai jirgi ya ƙara jimla ya fassara, kuma barkwancin da aka fassara ya riga ya huce. Haka lissafin kuɗi. Mace ta ce ɗari, tana nufin dala ɗari, wato sefa 500. Baƙo daga Kamba ya miƙa naira ɗari. Ma'aikaci ya rubuta 500 a takarda, matar ta rantse ba ta taɓa faɗin haka ba. Kowannensu gaskiya yake faɗi cikin lissafinsa.

Akwai kuma bakin da ake ƙirƙira don dandamali. Bazabarmen wasa yakan mai da ƙ ta zama k, ɗ ta zama d, ts ta zama s, ya ce sada maimakon tsada, domin harshensa ba shi da waɗannan baƙaƙe masu ƙyasta maƙogwaro. Bahaushen wasa kuma yakan kasa furta baƙin hanci na farkon ŋwaari, abinci, ya je wurin mai tuwo ya ce a ba shi wari. Waɗanda suka fi iya fitowa a Bazabarmen su ne yaran Dendawa da Hausarsu ba ta da tabo ko kaɗan. Sukan zaɓi siffofi uku ko huɗu su ƙara musu gishiri, su bar sauran. Don haka wanda zai yi nazarin Hausar masu harshe na biyu kada ya ɗauki bakin dandamali a matsayin shaida. Shaida ce ta abin da jama'a suka ɗauka shi ne bakin, wanda shi ma abin nazari ne, amma na wani babi.

Akan kare wannan kwaikwayo da cewa taubastaka ce, irin wadda ke tsakanin Gobirawa da Zabarmawa ko Fulani da Arawa, wadda UNESCO ta sa cikin jerin al'adun duniya da sunan Nijar a 2014. Na yarda da kariyar, bisa sharaɗi ɗaya. Taubastaka ramuwa gare ta: wanda ya yi ba'a yau, gobe shi za a yi wa. A wasan da aka yi wa Bazabarme dariya a fitowa ta biyu aka yi wa Alhaji a ta huɗu, ba wanda ya tashi da haushi. Na kuma ga wasannin wasu ƙungiyoyi inda wawa kullum bakinsa ɗaya ne, mai hankali kuma kullum bakinsa ɗaya. Yaron da harshen uwarsa ya zama na wawa shekara bayan shekara yana koyon wani darasi da ba ya cikin jigon wasan.

Batun ya ƙara nauyi yanzu. Dokar 2001 ta lissafa harsunan ƙasa goma, Hausa da Sanwai-Zarma suna ciki kafaɗa da kafaɗa, Kyanganci ba ya ciki. Kundin sake gina ƙasa na watan Maris 2025 ya ɗaga Hausa ta zama harshen ƙasa, ya mai da Faransanci da Ingilishi harsunan aiki. Idan wannan ya sauka har cikin ofisoshi, ma'aikacin duwan na wasan gobe da Hausa zai nemi takardu, kuma da wuya ta zama Hausar munka da yaz zaka. Hausar littafi za a ba shi. Daga nan hular da Faransanci ya daɗe yana sawa ta koma kan Daidaitacciyar Hausa, kuma sai a zuba ido a ga wa za a bar wa durƙuso. Ga garin da Dendanci ya ba yankinsa suna, wannan ba ƙaramar tambaya ba ce.

Wahalar kai shi takarda

Tun da aka rufe gadar Malanbil bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, jama'a suka koma ƙetarawa da kwale-kwale, fitowar Alhaji da mai jirgi ta zama labarin kowace safiya. Amma wasan kansa babu shi a ko'ina. Shafi biyun malaminmu ba su ɗauke da jimla ɗaya ta Hausa ko Dendanci. Ƙungiyoyin yanzu sun fi mu sa'a, domin iyaye suna ɗauka da wayar salula, sai dai hoton yakan ɓace ranar da wayar ta lalace.

Wanda ya sami irin wannan ɗauka yana da kayan aiki. Da ELAN ana iya jera maganar kowane ɗan wasa a layinsa, a sa wa kowace jimla alamar harshenta. Da Praat ana iya auna tsawon gaɓa da tashin murya, a sa mutum ɗaya ya faɗi ɗango sa'annan ya rera shi, a kwatanta. Ta haka za a iya gwada abin da na faɗa a sama game da madogara ta biyu, a ga ko ya tsaya. Ƙarar ganga da tafi suna ɓata awon murya, don haka gara a sake kiran mai rerawa shi kaɗai a ɗaki.

Babbar wahalar ita ce rubutun. Ƙa'idar da muka gada daga taron Bamako na 1966, da gyare-gyaren da suka biyo baya a Nijar da Nijeriya, ba ta nuna tsawon wasali ko karin sauti, kuma tana tura marubuci ga karin gabas. Kowane ɗango na waƙa yana bukatar aƙalla layi uku: yadda aka furta da tsawo da kari, yadda aka rera, da fassara ga wanda ba ya jin ɗayan harshen. A layin farko tilas a bar wa mai magana karinsa. Idan mai rubutu ya ga Allah shi kai ki lahiya ya gyara shi zuwa Allah ya kai ki lafiya don ya dace da ƙa'ida, ya mayar da ɗangon daidai inda makaɗi ya ajiye gangarsa.